Biyu masu lafiya sun fi uku na ado: tsakanin Stromberg 97 da Holley 94

 

Waɗanda suka leƙo zauren nan ranar Talata sun ga hotunan da wani ƙanenmu mazaunin jihar Texas ta Amurka ya ɗora. Ya sayi Ford ƙirar 1950, ya shafe fiye da shekara yana tara kuɗi yana gyaran injinta, yanzu ya iso gaɓar ƙarshe, wato kafireto. Wani dattijo zai sayar masa da Holley 94 guda uku haɗe da manifol ɗinsu, an goge su sai sheƙi suke yi. A wani wajen kuma ya samu Stromberg 97 guda biyu da nasu manifol ɗin, kuɗinsu ya ɗara na ukun can, kuma ko ƙyalli ba su da shi. Ya tambaye mu wanne zai ɗauka. Na zauna na karanta amsoshin kaf, mafi yawa cewa suke yi ya ɗauki ukun, ga yawa ga araha. Wani ma ya ƙara da cewa ai yawa shi kan sa zare ya ja dutse.

Ni dai ban bi wannan ra'ayi ba. Shawarata ita ce ya ɗauki biyun, matuƙar ya duba ya ga suna da lafiya. Zan faɗi dalilaina ɗaya bayan ɗaya, domin kuɗin da bawan Allahn nan ya tara ba ƙananan kuɗi ba ne, kuma kuskure a wannan gaɓa yana iya cinye injin da ya sha wahalar gyarawa, ko ma motar baki ɗaya.

Mu fara da injin kansa. Shi ne V8 ɗin nan na Ford mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda Amurkawa ke kira Flathead, saboda bawul-bawul ɗinsa a jikin bulok suke, gefen silinda, ba a kai ba. Ya fito a 1932 da girman lita 3.6 da ƙarfin doki 65, aka ci gaba da sa shi a motocin Ford na Amurka har 1953. Na motar ƙanen namu shi ne mai lita 3.9, wato inci-kubik 239, mai ƙarfin doki 100. Kafireton Stromberg 97 ya hau wannan inji daga 1936 zuwa farkon 1938. Daga nan Ford ya koma wa wani sabon ƙira na kamfanin Chandler-Groves, wanda Holley ya ci gaba da ƙerawa, shi ne ake kira 94. Lambobin nan ba ado ba ne, faɗin maƙogwaron kafireton suke nunawa. Na 97 kashi 31 ne cikin 32 na inci, na 94 kuma kashi 15 cikin 16. Kowanne yana da maƙogwaro biyu, kowanne da noti uku ake ɗaure shi, kuma ramukan notin iri ɗaya ne. Shi ya sa mutane ke ɗaukar su Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali a ciki sun sha bamban.

To me ya kawo jera kafireto biyu ko uku a kan inji ɗaya tun farko? Larura ce. Samarin Kalifoniya da ke tseren motoci a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage suna son injin ya sha iska fiye da yadda kafireto ɗaya zai ba shi, kuma a lokacin babu kafireto mai maƙogwaro huɗu, domin sai a 1952 irinsa ya fara fitowa a motocin Amurka. Ba su da mafita sai su jera ƙanana. Vic Edelbrock babba ya yi suna da manifol ɗinsa mai suna Slingshot, wanda ya gwada a kan Ford ɗinsa ƙirar 1932. Ku lura da kyau, kafireto biyu Slingshot ke ɗauka, kuma Stromberg 97 ne. Mutumin da ke neman gudu ido rufe, da biyu ya fara.

Yanzu ga lissafi, kowa ya ɗauko wayarsa ya buga. Inji mai bugu huɗu yana cika cikinsa sau ɗaya ne a kowane juyi biyu. Idan kana son sanin iskar da yake sha a minti, sai ka ninka girmansa da yawan juyinsa, ka raba da 3456. Wannan inji in ya kai juyi 4500 a minti ya yi ƙoƙari. To 239 sau 4500, a raba da 3456, ya ba ka 311 a ma'aunin CFM, wato ƙafa-kubik na iska a minti ɗaya. Wannan fa in silinda na cika maƙil ke nan. Flathead kuwa ba ya cika, domin iska sai ta yi kwana kafin ta faɗa silinda. Ko mun yi masa kara mun ba shi kashi 80 cikin 100, buƙatarsa ba ta wuce 250 ba. Kafireto ɗaya, ko 97 ko 94, yana wuce da iska kimanin 150 ko ɗoriya kaɗan. Ke nan ɗaya ya yi kaɗan in an taka sosai, biyu sun wadatar har da saura, uku kuwa sun doshi ninki biyu na abin da injin zai iya haɗiyewa.

Wani zai ce to mene ne laifin rara? Laifinta shi ne kafireto ba ya tura mai, iska ce ke janyo shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin lungu lokacin hunturu ya san iskar lungu ta fi ta fili gudu. Haka maƙogwaron kafireto yake. An matse shi ne domin iska ta yi sauri, saurin nan ne ke zuƙo fetur daga kwanon mai ya tarwatsa shi ya zama feshi. Idan ka raba iskar inji ɗaya zuwa maƙogwaro shida, kowanne sai ya samu 'yar iska mai sanyin jiki. Mai ba zai fito yadda ya kamata ba, wanda ya fito kuma ɗigo-ɗigo zai riƙa zuba. Sakamakon shi ne ka taka totur a bakin danja mota ta yi shiru kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo tana tari. An kashe kuɗi domin ƙarin ƙarfi, an samu motar da ta fi ta da nawa a cikin gari.

Wannan batun adadi ke nan. Yanzu ga babban dalilin da ya sa na fifita 97 a kan 94 in dai jerawa za a yi. Kowannensu yana da wani ɗan bawul na ƙarin mai, wanda ke buɗewa lokacin da inji ke ɗauke da nauyi, kamar hawan tudu ko wuce babbar mota. Yadda ake buɗe shi ne ya raba su. A jikin Stromberg 97 ƙarfe ne ke tura ƙarfe: sai ka taka totur ya kusa ƙurewa, sannan famfon feshin mai ya sauka ƙasa ya danna bawul ɗin. In ba ka taka ba, ba ya buɗewa, ko kafireto nawa ka jera. A jikin Holley 94 kuwa ƙarfin zuƙar inji ne ke riƙe da shi a rufe ta hanyar wata 'yar fatar roba. Da zarar zuƙar ta sauka ƙasa da lambar da aka rubuta a jikinsa, wadda a na asali 7.5 ce, sai sifirin ya tura shi ya buɗe.

A kan kafireto ɗaya wannan dabara ta 94 ta fi wayo, dole in faɗi gaskiya. Tana jin nauyin da ke kan inji kai tsaye, ta ba shi mai daidai lokacin da yake so. Lafiyayyen Flathead da ba a taɓa shi ba yana nuna inci 18 zuwa 20 a agogon awon zuƙa in yana silo, saboda haka bawul ɗin a rufe yake ruf. Amma ka jera uku a kan sanda ɗaya, ɗan taɓin da ƙafarka za ta yi wa totur zai buɗe ƙofa ninki uku. Zuƙa ta faɗi nan take, bawul uku su buɗe tare, su kwarara wa injin man da bai nema ba. In kuma an sa wa injin kamshaf mai zafi, zuƙar tun a silo ta ragu, matsalar ta ƙaru. Sannan 'yar fatar robar nan ba ta jure atishawar inji. In inji ya buga wuta ta baki sau ɗaya, tana iya yagewa, daga nan fetur ya riƙa sulalewa kai tsaye cikin manifol ko mota na tsaye.

Kada a ɗauki wannan a matsayin batun shan mai kawai. Ɗanyen fetur da ya shiga silinda yana wanke baƙin man da ke jikin bango, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe. Sauran ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man, metal ya fara ci. Injin da aka kashe shekara ana haɗawa sai ya fara hayaƙi cikin 'yan watanni. Alamar da ake ganewa ita ce ka zaro sandar awon baƙin mai ka ji tana warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru maimakon ya ragu.

Masoya 94 za su ce ai duk wannan yana da magani, kuma gaskiya suka faɗa. Ana canza bawul ɗin a sa mai ƙaramar lamba, a kan jeri uku kuma ana toshe na gaba da na baya a bar na tsakiya. Mutane da yawa a Amurka suna hawan motoci masu 94 biyu ko uku lafiya lau. Amma wannan aiki ne na gwaji da haƙuri: ka sa, ka hau, ka cire fulogi ka duba launinsa, ka sake. Akwai kuma tarko a ciki. Bawul ɗin Holley na zamani, wanda aka yi wa manyan kafiretoci masu maƙogwaro huɗu, zarensa yana shiga jikin 94, amma kafaɗarsa ba ta zama daram a mazaunin. Mutum ya ɗaura yana murna, da safe ya tarar kwanon mai ya bushe, man ya tsiyaye cikin inji. Ƙanen namu wannan ne injinsa na farko. Ban ga dalilin da zai sa ya fara koyon iyo a tsakiyar kogi ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da hoto ba ya nunawa. Jikin 94 ya ɗan fi na 97 tsawo daga gaba zuwa baya, shi ya sa a kan wasu manifol masu mazauni uku suke gogar juna. Bututun mai na 97 a jikin kwanon yake shiga, saboda haka kana iya cire murfin sama ka ga tsayin man da idonka ba tare da ka kwance bututu ba. Na 94 kuwa a murfin yake, fulot ɗin ma a jikin murfin yake rataye. Sannan manifol mai mazauni uku yana cinye wurin da janaretan cajin batir ke zama a gaban injin, dole a sayi wani maɗauri a kawar da shi gefe. Duk waɗannan kuɗi ne da ba a lissafa su a cikin arahar nan ba.

Kada in yi son kai, ga wani kuɗin da zai hau kansa ko wanne ya zaɓa. Motocin Ford daga 1949 zuwa 1953 suna da distiributa mai suna Loadomatic, wadda ba ta da ƙarafan nan masu buɗewa da juyi. Gaba ɗaya zuƙar da take samu daga wata ƙofa ta musamman a jikin kafireton 94 na shekarun ce ke gaya mata lokacin da za ta gabatar da wuta. Tsohon 97 ba shi da wannan ƙofa. Su ma 94 ɗin, da zarar an raba iska gida biyu ko uku, saƙon da ke isa gare ta ya raunana. Wuta ta riƙa makara, inji ya rasa ƙarfi, ya kuma ɗauki zafi, alhali Flathead da ma can mai saurin zafi ne saboda hanyoyin hayaƙinsa ta cikin bulok suke ratsawa. Saboda haka duk wanda zai jera kafireto a wannan inji, ya sa kuɗin distiributa mai gabatar da wuta da juyi a cikin kasafinsa tun yanzu. Mutane da yawa sun zagi kafireto a kan laifin da ba nasa ba.

Na ce ya ɗauki 97, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi sunan muhimmanci. Kafireton da aka ƙera a 1937 ya haura shekara 80 a duniya. Jikinsa na gaurayen tutiya ne, ƙarfe mai laushi, gindinsa kuma ƙarfen zubi. Hannun kanikawa nawa ya ratsa? Kowa ya ɗaure noti iya ƙarfinsa, har murfi ya lanƙwashe ya daina zama daidai a kan gasket. Zaren da bututun mai ke shiga yakan cinye. Sandar faifan totur takan sassauta a raminta, iska ta riƙa sata ta gefe, silo ya ƙi zama. Lafiyayyen 94 ya fi gajiyayyen 97 sau goma, ban da ja a kan wannan. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa wadda ba ta lalace ba.

Don haka kafin ya biya, ya riƙe sandar totur ya girgiza ta sama da ƙasa, in tana rawa akwai aiki. Ya ɗora murfin a kan gilashi ya ga ko yana zama ko yana lilo. Ya duba zaren bututun mai da fitila. Mafi muhimmanci, ya tabbatar biyun tagwaye ne na gaske. Stromberg yana da 48 mai maƙogwaro inci ɗaya da ɗoriya, yana da 81 ƙarami wanda aka yi wa ƙaramin V8 mai doki 60, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya da 97. Ya nemi alamar 31/32 a jikin kowanne. Ya sa a kwance jet a karanta, na asali lamba 45 ne, bawul ɗin ƙarin mai kuma 65. Haka su ma ukun can, sunan 94 iyali ne babba: akwai mai alamar 59, akwai 8BA, akwai ECG na injunan baya wanda maƙogwaronsa ya kai inci ɗaya ko ya ɗara. Uku masu sheƙi a hoto suna iya zama 'ya'yan gida uku daban-daban, kuma kafiretocin da ba su yi daidai da juna ba, babu bakaniken da zai sa su yi magana da murya ɗaya. In tsofaffin duka sun gaza, akwai kamfanin da ke ƙera sabon 97 a Ingila bisa tsohon zubi. Tsada gare shi, amma ba ya zuwa da tarihin wahala.

Sai batun wuta, wanda a kansa ba na wasa. An san 97 da yoyo, kuma mafi yawan lokuta laifin matsin mai ne. Allurar da ke tare masa mai ba ta son matsin da ya wuce 2.5 a ma'aunin psi. Na ga wannan da idona shekarun baya a garejin maigidana. An kawo wata tsohuwar mota mai kafireto biyu, mai ita ya sa mata famfon mai na lantarki ba tare da abin rage matsi ba. Aka tayar, mai ya fi ƙarfin allura ya yi ambaliya a kan inji, tartsatsi ɗaya ya tashi. Da yashi da tsumma muka kashe ta, bayan wayoyi da fentin bonet sun tafi. Allah Ya taƙaita, ba wanda ya ƙone. A kan Flathead kafiretocin a tsakiyar injin suke zaune, ga janareta a gabansu, ga distiributa a kusa. Kowane kafireto da ka ƙara, ka ƙara kwanon mai ɗaya, allura ɗaya, mahaɗar bututu aƙalla biyu. Abin rage matsi da agogonsa da tukunyar kashe gobara a cikin mota ba ƙawa ba ne.

Na san akwai wanda zai ce shi fa uku yake so, domin in an ɗaga bonet a taron motoci, uku ne ke tara jama'a. Ban raina wannan ba. Ai duk wanda ke zauren nan ido ne ya fara kawo shi. In haka ne, a yi shi yadda manyan kamfanoni suka yi. Pontiac ya sayar da jerinsa mai suna Tri-Power daga 1957 zuwa 1966, da kafireton Rochester guda uku. Na tsakiya shi kaɗai ke aiki a tafiyar yau da kullum, shi ke da cok, shi ke riƙe silo. Na gaba da na baya a rufe suke sai an taka sosai. Kuma injunan da suka ɗauki wannan jeri sun kai lita 5.7 zuwa sama, ba 3.9 ba. Wanda zai kwaikwayi haka a kan Flathead sai ya sa sandar totur mai buɗewa daki-daki, ya tabbatar faifan na gefe suna rufewa gam, ya kuma riƙa taka motar lokaci-lokaci domin kada mai ya kwana ya tsufa a kwanukansu. Amma ya sani cewa a mafi yawan tafiyarsa da kafireto ɗaya yake yawo, biyun fasinjoji ne da ya biya wa kuɗin mota.

Ƙanena, ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan je in duba 97 ɗin nan biyu da hannuna kamar yadda na bayyana. In sun tsallake, zan saye su, in sa masu sababbin gasket da allura da fatar famfo irin waɗanda ke jure fetur mai gaurayen itanol da ake sayarwa a can. Zan haɗa su da sanda miƙaƙƙiya su riƙa buɗewa tare. Kafin in ɗaure sandar, zan daidaita zuƙar kowanne shi kaɗai da ma'aunin Uni-Syn, in babu shi kuma da guntun tiyo a kunne, har sautin biyun ya zama ɗaya. Zan sauya distiributa, in tsayar da matsin mai a 2.5. In kuma kuɗin bai kai ga duk wannan ba a bana, zan wanke 94 guda ɗaya da motar ta zo da shi, in hau abata, in ci gaba da tari. Ford ya yi shekaru 15 yana sayar da wannan inji da 94 guda ɗaya, mutane suka yi ta zirga-zirga da shi ba tare da kuka ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Masu ganin ukun ne daidai, musamman manyanmu da suka taɓa jera 94 suka ji daɗinsa, ina jiran hujjojinku a ƙasa. Ku faɗa mana lambar bawul da jet ɗin da kuka tsaya a kai, domin mai tambaya ya amfana, ni ma in ƙaru. Allah Ya sa albarka a abin hawanmu, Ya kare mu daga asara da gobara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.